Fangali Mai Tudu a Lambun Gida: Yadda Ake Zaɓen Wanda Ya Dace

Tun da kayan miya suka yi tsada, gidaje da yawa a Kano da Zariya da Maraɗi suka koma waiwayar ɗan filin da ke bayan ɗaki. Mai gida zai ga hoton lambu a waya, akwatunan katako a jere cike da latas kore shar, sai ya kira kafinta a buga masa irinsu. Kafin wata uku gara ta cinye gindin katakon, ƙasar ta bushe ta yi tauri, tumatir ya zubar da fure. Waɗanda suka daɗe a sana'ar lambu sun gaji da ganin haka, domin kuskure ɗaya ake ta maimaitawa: ana fara zaɓen abin da za a yi gini da shi, alhali zancen ruwa ya kamata a fara yi.

Yawancin hotunan nan daga Ingila da Amurka suke, inda ake ɗaga ƙasa domin ta tsane da wuri, ta kuma yi ɗumi bayan sanyin ƙanƙara. A ƙasar Hausa lissafin daban yake. Ruwan shekara yana zuba ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sannan zafin Afrilu ya haura digiri 40. Tudun da ke ceton shuka daga ruwan Agusta shi ne ke ƙona ta a Maris. Manoman fadama sun daɗe da gane wannan: da damina kunya suke yi, da rani kuma fangali mai zurfi wanda ke riƙe ruwan ban-ruwa. Saboda haka fangali mai tudu, wato wurin shuka da aka ɗaga ƙasarsa sama da daɓen gida, yana da inda yake amfani da inda yake cutarwa. Matakan da ke tafe hanya ce ta tantancewa kafin a kashe ko sisi.

Kayan da ake buƙata

- Fartanya da shebur, da diga idan filin fako ne ko marmara
- Manjagara ta baje ƙasa
- Baro, ko kwanon gini idan lungun gidan ya yi wa baro ƙunci
- Tef ɗin awo, igiya da turaku huɗu
- Lebur irin na magina
- Bokiti da butar ban-ruwa mai ƙananan huji
- Ruɓaɓɓen taki, ƙasar saman gona da busasshiyar ciyawa
- Raga ko zana ta kare awaki da kaji

Mataki na 1: A gwada yadda filin ke shan ruwa

A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a bari ya tsotse, a sake cikawa. Cikawa ta biyu ita ce gwajin, domin ta farko jiƙa ƙasar kawai ta yi. Idan ruwan ya ɓace cikin awa ɗaya, filin jigawa ne. Idan ya ɗauki awa huɗu zuwa rabin yini, ƙasar tana da kyau. Idan aka kwana aka tarar da shi, laka ce ko marmara a ƙasa.

Wannan ramin shi ke yanke hukunci. Mai jigawa a Daura ko Maraɗi, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, in ya ɗaga ƙasarsa rabin mita ya ƙara wa kansa wahalar ɗiban ruwa ne kawai. Abin da ya dace da shi fangali ne mai nutsewa santimita 10 zuwa 15, a haɗe da taki mai yawa, dabarar da manoman Tawa ke bi da ramukan tassa a gonakinsu. Mai laka kuwa, ko mazaunin Jos da Kafanchan inda ruwa ke wuce milimita 1,200, tudu zai fisshe shi, saboda saiwa tana numfashi, kuma kwana biyu cikin ruwa kwance sun isa su kashe tumatir da tattasai.

Akwai wasu dalilai uku da ke wajabta tudu ko da ƙasa tana tsanewa: gidan da aka yi wa daɓen siminti, filin da aka taɓa yin bola ko aikin kanikanci ko gyaran batir a kansa, da mai lambun da tsufa ko ciwon baya ya hana shi sunkuyo.

Mataki na 2: A zaɓi wuri

Kayan lambu masu 'ya'ya suna son rana ta aƙalla awa 6. Wuri mafi kyau shi ne wanda ke samun ranar safe zuwa azahar, katanga ta yamma ta yi masa inuwa da la'asar. A tsaya yini ɗaya a lura da yadda inuwa ke tafiya a tsakar gidan, domin idon safiya kaɗai yana yaudara.

Sababbin shiga sukan jingina fangali da bangon ɗaki don rage kuɗin gefe ɗaya. Danshin ban-ruwa yana shiga bangon. Na ƙasa ya zaizaye daga gindi, na siminti ya yi gishiri fenti ya ɓare. A bar tazarar rabin mita. A nisanci bakin indararo, wanda ruwan dare ɗaya daga cikinsa ke iya kwashe shuka duka, a kuma nisanci masai da sokawe. Darbejiya da mangwaro su ma maƙwabta ne masu kwaɗayi, saiwoyinsu na bin danshi su shigo ta ƙasa su cinye takin. A ƙarshe, a duba nisan famfo ko rijiya, domin fangalin da ke buƙatar doguwar tafiya da bokiti shi ake fara mantawa da shi.

Mataki na 3: A tsayar da faɗi da zurfi

Faɗi kada ya wuce mita 1.2 idan ana iya zagaya fangalin, ko santimita 60 idan ta gefe ɗaya ake isa gare shi. Dalilin shi ne tsawon hannu. Da zarar tsakiya ta gagari hannu, sai mutum ya taka ƙasar, takawa kuwa tana danƙare ta, amfanin tudun ya tafi. Tsawo ya danganta da fili, amma mita 2.4 zuwa 3 ya fi sauƙin kulawa. A bar hanya ta santimita 60 tsakanin fangali da fangali domin baro ya wuce.

Zurfi kuma shuka ce ke faɗarsa. Alayyafo, latas, albasa da lalo suna wadatuwa da santimita 15 zuwa 20. Karas, kabeji, tattasai da attaruhu suna son 30. Tumatir, kuɓewa da yalo suna son 45 ko fiye, idan ƙasan fangalin a rufe yake. Idan a buɗe yake, kuma an sassauta ƙasar gindi da fartanya kafin a cika, saiwa za ta ci gaba da nutsawa, tudun santimita 20 ma ya isa. Duk ƙarin tsayi ƙarin ƙasa ne da ƙarin ruwa, don haka kada a ɗaga fiye da buƙata.

Mataki na 4: A zaɓi irin fangalin

Tudun ƙasa zalla. Wannan kunya ce mai faɗi, tsayin santimita 15 zuwa 20, ba gefe ba komai. Ba ya cin kuɗi, kuma ana iya baje shi a mayar da shi mai zurfi idan rani ya shigo, abin da babu wani iri da ke yi. Aibinsa zaizayewa. A yi saman a baje da ɗan leɓe kewaye domin ruwa ya tsaya ya shiga, a kwantar da gefunan, a rufe da ciyawa. Duk wanda filinsa ƙasa ce mai kyau, da wannan ya kamata ya fara.

Bulo. Shi ne ya fi dacewa da yawancin gidajen birni. Gara ba ta cinsa, rana ba ta lalata shi, kaurinsa kuma yana tare zafi. Bulo ɗaya tsawonsa santimita 45, tsayinsa 22.5, saboda haka fangali mai mita 1.2 da 2.4 yana cin kamar 18 a kowane layi, layi biyu kuma su ba da zurfin da tumatir ke so. Layi biyu suna tsayuwa ba tare da siminti ba muddin an daidaita gindin da lebur, an kuma sarƙa na sama a kan mahaɗar na ƙasa. Wannan ya yi wa ɗan haya daidai, ranar tashi sai ya kwashe abinsa. Daga layi uku sai da kwaɓi, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana tura bango. Idan a kan daɓen siminti ne, a bar kafa a layin ƙasa kowace mita ɗaya don ruwa ya fita. Ramukan bulon ma ba a barinsu banza: na'a-na'a, wadda ke mamaye fangali in an sake ta, a nan take zama lafiya.

Tubali da dutse. Tubali yana da arha da sanyi, amma damina tana narka shi, sai an yi yaɓe duk shekara. Inda dutse yake a banza, kamar Jos, jera shi ya fi komai daɗewa. A cike ramukan da laka, in ba haka ba kunama ta samu masauki inda yara ke sa hannu.

Katako. A nan aka fi yin asara. Farin katako mai laushi da ya haɗu da danshi abincin gara ne. Itacen da ke jurewa, irin su ƙirya da azarar giginya, sun yi wuya sun yi tsada. Mafi muni shi ne maganin da ake yi wa matsalar: shafa baƙin mai na mota. Wannan man yana ɗauke da guba da ƙarafa masu nauyi da ke shiga ƙasar da za a ci ganyenta. Haka tsohon katakon layin dogo da na turakun lantarki, waɗanda aka jiƙa da sinadarai. A Amurka ma tun ƙarshen 2003 aka daina tsuma katakon aikin gida da sinadarin asenik. Wanda ya nace sai katako, ya ɗora shi a kan layin bulo kada ya taɓa ƙasa, ya kuma shimfiɗa leda mai kauri a jikinsa ta ciki. Gora da zana da karan dawa suna yin aiki, amma na shekara ɗaya ne.

Kwanon rufi da durom. Suna da sauƙin samu, gara kuma ba ruwanta da su. Matsalarsu zafi: da tsakar ranar bazara ƙarfen yana gasa saiwoyin da ke kusa da shi. A shafa farin fenti ta waje, a jera tsofaffin buhuna ta ciki, a ja shuka santimita 10 daga gefe. Bakin kwano yana yanka, sai a tsaga tsohon tiyo a lulluɓe shi. Durom ɗin da ba a san abin da ya taɓa ɗauka ba, a bar shi.

Buhu. Ga wanda ba shi da fili sai lungu, buhun shinkafa mai kilo 50 lambu ne guda. Mazauna unguwar Kibera a Nairobi sun yi suna da wannan dabara. Ana tsayar da gwangwani marar gindi a tsakiyar buhun, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye, a ja shi sama a maimaita har a kai baki. Wannan ginshiƙin tsakuwa shi ke kai ruwa har ƙasa. Sai a huda jikin buhun a dasa ganye a hujin, a sa attaruhu ko albasa a sama. Rana tana cinye buhu cikin shekara, kuma yana bushewa da sauri, don haka da bazara sai an ba shi ruwa safe da yamma. Kada a yi amfani da wanda ya ɗauki maganin ƙwari.

Taya. Baƙa ce, tana ɗaukar zafi, cikinta yana tara ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa, robar kuma tana sakin sinadarai yayin da take tsufa. A bar ta ga furanni.

Da'irar Lesotho. Fangali ne zagayayye mai faɗin mita 2, tsayinsa zuwa ƙugu, da ɗan lungu da ke kai mutum tsakiya. A tsakiyar akwai dogon kwando na raga ko sanduna inda ake zuba ɓawon kayan miya da ruwan wanke shinkafa, su ruɓe su ciyar da shuka daga ciki. An yaɗa shi a ƙasar Lesotho domin marasa lafiya da tsofaffi su yi noma a tsaye. Yana cin ƙasa da duwatsu da yawa wajen gini, amma ya dace da uwargidan da ke da sharar kicin kullum. Ruwan omo da na maiƙo ba sa shiga kwandon.

Mai tafki a ƙasa. Wannan ya yaɗu a Ostareliya, ƙasar fari. Ana shimfiɗa leda mai kauri a gindi, a zuba tsakuwa ko yashi santimita 20, a tsayar da bututun zuba ruwa, a huda mafita daidai saman tsakuwar, a shimfiɗa buhu, sannan ƙasa santimita 30. Ruwan yana hawa da kansa zuwa saiwa, rana ba ta samunsa. Kada ƙasar ta wuce wannan kaurin, domin iyakar hawan ruwan ke nan. A rufe bakin bututun saboda sauro, a kuma riƙa kwarara ruwa ta sama lokaci-lokaci don wanke gishirin da ke taruwa. Shi ne mafi tsadar gini, kuma mafi tsimin ruwa.

Mataki na 5: A yi lissafi kafin a sayi komai

Fangali mai mita 1.2 da 2.4, zurfin santimita 30, yana cin ƙasa lita 864, wato kamar baro 14. Idan ta jiƙe, nauyinta ya haura tan ɗaya. Wanda ke son ɗora irinsa a saman bene sai ya tambayi injiniyan gini tukuna, ko ya tsaya ga buhuna jefi-jefi kusa da ginshiƙai.

Lissafin ruwa ya fi wannan muhimmanci. Da bazara, kowace murabba'in mita ta shuka tana asarar lita 6 zuwa 8 a yini. Fangalin da aka ambata yana shan lita 17 zuwa 23, kusan jarka guda kullum, dogo mai gefen ƙarfe kuma ya fi haka. Fangali huɗu jarka huɗu ke nan. Gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa ya auna wannan da kuɗin kayan miyan da zai samu, kada a yi kallon kitse a tarar da rogo.

Mataki na 6: A cika shi da ƙasar kirki

A haɗa baro biyu na ƙasar saman gona da baro ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Idan ƙasar laka ce, a ƙara rabin baro na yashi mai tsakuwa ko ɓuntun shinkafa. Idan jigawa ce, ba ta buƙatar yashi, taki za a ƙara. A duba abin da tifa ta kawo kafin ta juye, saboda sau da yawa ƙasar ramin fandisho ce ko burji, waɗanda babu abinci a cikinsu. Takin bola, wanda manoman kewayen Kano suka daɗe suna amfani da shi, yanzu cike yake da leda da kwalba da matattun batura. Ba a sa shi a fangalin ganye.

Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen na shanu da awaki kuma yana zuwa da irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Ruɓaɓɓe ana gane shi da baƙin launi, sanyi a hannu da ƙanshin ƙasa. Idan ɗanye aka sa, a bar wata huɗu kafin a ci latas ko karas daga wurin.

Kurakurai biyu sun zama ruwan dare a nan. Na farko, shimfiɗa leda a gindin fangalin da ke kan ƙasa mai kyau, abin da ke tare ruwa da saiwa gaba ɗaya; ana yin haka ne kawai in ƙasar gurɓatacciya ce, kuma dole a bar mafitar ruwa ta gefe. Na biyu, zuba tsakuwa a gindin durom ko bokiti da sunan tsane ruwa. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ta cika tatil, saboda haka tsakuwar tana matso da jiƙar kusa da saiwa ne. Huji a gindi shi ke tsane ruwa. Akwai kuma dabarar Jamus ta binne itace a cikin tudu, wadda a ƙasar gara gayyata ce kawai.

Mataki na 7: A jiƙa, a jira, sannan a shuka

Bayan cikawa a ba shi ruwa sosai, a bar shi mako ɗaya zuwa biyu. Ƙasar za ta zauna ta ragu da 'yan santimita, ciyawar da ke ciki ta fito a cire, ragowar zafin taki ya huce. A ƙara ƙasa, amma a bar santimita 5 tsakaninta da baki domin ruwa kada ya malale. A kewaye da raga tun kafin tsiro ya fito, domin akuya ba ta jiran a shirya. Dashe da yamma ake yi. Bayan ya kama, a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin santimita 5, ba tare da sun taɓa karan shukar ba. Kafin kowane ban-ruwa a cusa yatsa: in akwai danshi a gaɓa ta biyu, a jira.

Shekarar farko fangali ɗaya ya isa, ko biyu iri daban-daban, misali na bulo ɗaya da tudun ƙasa ɗaya, a ga wanda ya fi jure damina da bazarar gidan. Idan an gama girbi, a tumɓuke shuka a duba saiwarta. Wadda ta lanƙwashe a gindi tana nuna zurfi ya gaza, baƙa mai wari tana nuna ruwa yana kwanciya, mai ƙulle-ƙulle kuma tana nuna tsutsar saiwa ta shigo. Wannan tsutsa tana son ƙasa mai yashi, kuma tana ƙaruwa idan aka maimaita tumatir, tattasai, yalo ko kuɓewa a wuri ɗaya. Sai a bi bayansu da albasa ko masara, a ƙara ruɓaɓɓen taki kaurin santimita 3 zuwa 5 a sama, a mayar da tumatir wani fangalin.